Na Ba Aikin Kawuna Maki Uku Cikin Goma

Gwaggo, assalamu alaikum.

Don girman Allah ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ki ba ni shawara, domin na rasa wanda zai saurare ni ba tare da ya fara yanke mini hukunci ba. Sati biyar ke nan ina yawo da abu a ƙirji. A gidanmu na zama marar mutunci, a ofis kuma na zama gwarzuwa, kuma wallahi duka biyun ciwo suke yi mini.

Bari na fara gaya miki aikina, in ba haka ba za ki ce rigimar banza ce a kan takarda. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke tattara alƙaluman tattalin arziki, irin su farashin kayan masarufi, hauhawar farashi da yawan marasa aikin yi. 'Yan jarida da ɗalibai da ƙungiyoyin ma'aikata su ne masu zuwa wurinmu. Bara kamfanin ya faɗa harkar ƙirƙirarriyar basirar nan da kowa ke magana a kai. Aka gina wata manhaja da mutum zai yi wa tambaya da maganarsa ta yau da kullum, ya ce mata, alal misali, nawa man girki ya tashi daga bara zuwa bana, ita kuma ta shiga rumbun bayananmu ta ɗauko masa amsa. A ofis Ɗan Aike muke ce mata.

Shi Ɗan Aike ba ya ganin abin da ke cikin rumbun. Kayan aiki goma sha biyu aka haɗa masa, kowanne yana buɗe ɓangare guda, kuma kowanne da 'yar takardar bayaninsa: me yake yi, me za a ba shi, me zai dawo da shi, ina ne bai kamata a yi amfani da shi ba. Iyakar saninsa ke nan. Abin da aka rubuta masa shi ya sani. Abin da marubuci ya bari a zuciyarsa kuwa, Ɗan Aike ba zai tambaya ba, zai cike gurbin da kansa ya kawo maka amsa da ƙarfin hali, ko kunya babu.

Mutum huɗu suka rubuta takardun, uku-uku. Lokacin ina hutun haihuwa, shi ya sa da na dawo Manajanmu ya ce ni kaɗai ce hannuna bai taɓa su ba, don haka ni zan auna ingancinsu. An cire sunaye an sa lambobi. A ofishinsa ya yi mini alkawari, yana duban agogo kamar yadda ya saba, cewa rahoton na gyara ne kawai, babu wanda zai ji sunan wani.

Ɗaya daga cikin mutum huɗun nan kawuna ne, yayan mahaifiyata.

Gwaggo, mutumin nan shi ya riƙe ni tun ina shekara bakwai da mahaifina ya rasu. A bayan babur ɗinsa na yi firamare. Shi ya koya mini lissafi, shi ya ce in karanta kimiyyar ƙididdiga lokacin da kowa ke cewa ba karatun mata ba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bin kasuwanni da fensir da littafi yana rubuta farashi, kafin ya yi ritaya kamfanin nan ya ɗauke shi ya ba shi shugabancin sashenmu. Rabin abin da ke rumbunmu da ƙafarsa aka tara shi, ko shi ko waɗanda ya horar. Teburinsa na bakin taga, kusa da wani kabad na ƙarfe cike da tsofaffin littattafansa, wanda ko mai shara ba ya yarda ya taɓa.

Amma tunda gaskiya na zo faɗa, bari na faɗe ta duka. Shekarata huɗu a ƙarƙashinsa, kuma bai taɓa kirana da wani suna a ofis ba sai "yarinyar nan". Ina da digiri biyu da 'ya'ya biyu, amma a gaban baƙi sai ya juyo ya ce, "Yarinyar nan, ɗan haɗo mana shayi." Rahotona na farko ya dawo mini da shi ja-wur da jan biro, a gaban kowa ya ɗaga shi ya ce ko ɗan aji ɗaya ba zai miƙa wannan ba. Aka yi dariya, ni ma na taya su. A banɗaki na je na yi kukana na wanke fuska na dawo.

To, ga yadda na yi awon. Ban tsaya ga karanta takardun kawai ba, domin mu da muka san rumbun, ido na ganin rabin bayani sai kai ya ƙarasa sauran, ka ɗauka komai ya cika. Sai na shirya tambayoyi ashirin ga takardun kowane marubuci, tambayoyin da na riga na san amsarsu, na ba Ɗan Aike, ba tare da na ƙara masa ko kalma ɗaya ba. Na ɗaya ya ci sha bakwai. Na biyu sha biyar, na uku sha huɗu. Na huɗu ya ci shida.

Tun a layi na biyu na gane na huɗun nan Kawu ne. Babu mai rubutu irin nasa, gajere kamar wanda ake cajinsa kowane harafi. A takardar kayan aikin da ke ɗauko farashin abinci, wanda shi ne mafi girma a cikin sha biyun, abin da ya rubuta bai wuce layi uku ba, kuma na ƙarshen cewa yake a yi amfani da shi yadda aka saba. Wa ya saba? Bai faɗi cewa wasu kasuwanni da kilo ake rubuta su wasu da buhu ba. Bai faɗi cewa jerin hauhawar farashi biyu ne a rumbun, kuma ɗaya an daina sabunta shi shekara shida da suka wuce ba. Babbar matsalar kuma ita ce sifili. A zamaninsu, in mai rubuta farashi bai samu isa wata kasuwa ba, saboda ruwa ya yanke hanya ko babur ya lalace, sai a sa sifili a gurbin. Duk tsohon ma'aikaci ya san sifilin nan yana nufin ba a je ba. Ɗan Aike ya ɗauka kyauta aka raba kaya a watan. Ya haɗa sifilan cikin lissafi, ya gaya mini cewa man girki ya sauka da kashi ɗaya cikin uku a damina. Ko matar da ba ta taɓa shiga aji ba, in dai tana cefane, za ta yi masa dariya. Amma ɗan jaridar da ke sauri zai kwafa ya buga, ƙungiyar ma'aikata kuma za ta shiga da shi zaman neman ƙarin albashi a yi mata kaca-kaca.

Shida cikin ashirin, uku cikin goma ke nan. Ba ni na ƙirƙiro lambar ba.

Kwana tara rahoton yana cikin kwamfutata ban miƙa ba. A cikin kwanakin har gidan Kawu na je ranar Asabar, kamar yadda nake yi kowane sati. Ya karɓi jaririyata yana yi mata wasa, ta kama tabaransa tana ja, matarsa ta kawo mana abinci. Har na taso ban gaya masa zancen makin ba. Na ce wa kaina ƙa'ida ta ce sirri ne, in na gaya masa na ci amanar aiki, sauran ukun ba su da ɗiyar ƙanwa da za ta raɗa musu. Na miƙa rahoton yadda yake. A ƙarƙashin kowane maki akwai wurin sharhi, kuma a nasa na rubuta cewa ko ɗan aji ɗaya ba zai miƙa wannan ba. Kalmarsa ce, ba tawa ba, kuma na ɗauka Manaja kaɗai zai gani.

Ranar Litinin aka kira taron ma'aikata. Mu goma sha ɗaya a ɗakin, fanka na ta ƙara. Manaja ya kunna majigi, sai ga rahotona a bango, an mayar da sunayen kowa a gefen lambarsa, nawa kuma a sama da manyan baƙaƙe. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan na Kawu sai ya rage murya ya karanta sharhina a hankali, har sau biyu. Babu wanda ya yi dariya. Kawu ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya mayar, ya dubi bangon ya daɗe. Abin da ya ce kawai shi ne, "Na ji." Bai kalle ni ba.

Daga baya na gane Manaja ya daɗe yana neman hanyar da zai kawar da shi, domin Kawu ne kaɗai ke iya ce masa a'a a taro. Ya rasa dalili, ni na ɗauko na ba shi da hannuna, har da sa hannu. Kafin sati ya ƙare an sauke Kawu daga shugabancin sashe an ba shi muƙamin mai ba da shawara, aka kai teburinsa da kabad ɗinsa wani ɗaki a ƙasan bene kusa da sito, inda ake ajiye kujerun da suka karye. Babu mai neman shawararsa. Yana zuwa ƙarfe takwas ya zauna ya tashi ƙarfe huɗu. Ni kuma an kawo mini takardar ƙarin girma zuwa kujerarsa, an ce in sa hannu kafin ƙarshen wata. Da na tuna wa Manaja alkawarinsa, sai ya ce ai kamfani ba gidan gado ba ne, in daina sa zumunci a aiki.

Gida kuwa ba a magana. Mahaifiyata ta kira ni ta wanke ni tas. Ta ce, "Mutumin da ya ɗauke ki a kafaɗa, shi kika tsiraita a gaban yaran da ya haifa? Da na san abin da karatun zai koya miki ke nan, da na bar ki a gida." Matar Kawu ta sa mini suna Alƙaliya, kuma sunan ya bi dangi har yara suna faɗa. Wanda bai san bambancin kilo da buhu a rumbun bayanai ba ma yana da ra'ayi a kaina. Babu wanda ya tambaya ko makin daidai ne. Babu wanda ya tuna ranar da shi ya ɗaga takardata a gaban mutane, wannan tarbiyya ce, tawa ce rashin kunya.

Shi Kawu bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. In muka haɗu a matakala sai ya matsa gefe ya ce, "Ranki ya daɗe, an tashi lafiya?" Ni, Gwaggo. Ni da ya yi wa wanka. Rannan na tsaya na ce Kawu don Allah ka daina, sai ya ce ai girma ne Allah ya ba ni, dole a ba ni shi, ya wuce.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba, ko mijina. Manaja ya ce in sake rubuta takardun Kawu da kaina, ga shi yanzu saura sati shida a buɗe Ɗan Aike ga jama'a. Na zauna sati biyu na rubuta shafi huɗu masu kyau, komai a tsare. Na gwada da sababbin tambayoyi ashirin, na ci goma sha ɗaya. Na san akwai sifilin ƙarya, amma ban san wanne ne ba a je ba, wanne ne kayan suka yanke a kasuwar. Na san an canja ma'auni, amma ban san wace kasuwa ba, a wace shekara. Duk wannan yana kan Kawu da littattafan kabad ɗinsa, da wasu alamomin fensir da shi kaɗai ke karanta su. Matakala ashirin da biyu ce tsakanina da shi, na kasa sauka.

Mahaifiyata ta ce ba za ta ƙara cin abincin gidana ba sai na rubuta cewa kuskure na yi a makin, na janye rahoton. Mijina ya ce in karɓi kujerar, ai ba sata na yi ba, dangi za su huce in sun ga mota. Ni kuma wani lokaci sai in ji kamar in ajiye aikin gaba ɗaya kowa ya huta. Raina a ɓace yake da Manaja, da dangina, da Kawu, da wannan na'urar da ba ta iya tambaya ba. Ba na son in yi ƙarya, kuma ba na son in rasa mutumin da ya zame mini uba. Me zan yi? In janye, in karɓa, ko in tafi?

Taki,
Wadda ake kira Alƙaliya

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na ji ciwon da ke cikinta. Bari na fara da abin da zai ɗan sauke miki nauyi. Kada ki janye makin. Awon da kika yi mai kyau ne, kin gwada takarda da wanda aka rubuta ta dominsa, ba da idon wanda ya riga ya sani ba. In kika rubuta cewa kuskure kika yi, kin yi ƙarya, sifilan nan kuma suna nan inda suke, suna jiran ranar da za su kunyata wani ɗan jarida ko su karya wa ma'aikata hujja. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana shan rana don lamba ta fito daidai, ba na jin zai gode miki in kika gyara lamba don ki faranta masa. Ki lura, shi bai ce makin ƙarya ne ba. Mahaifiyarki ce ta faɗa, ita kuma zafin ɗan'uwa ne ke magana a bakinta.

Yanzu sai ki yi haƙuri da ni, domin zan taɓa inda ke ciwo. Kin ce ba ke kika ƙirƙiro lambar ba, gaskiya ne. Amma jimlar da ke ƙarƙashinta ke kika zaɓe ta, kuma kin zaɓe ta kina sane da wanda kike rubuta wa. Sharhin mai awo yana faɗin abin da ya ɓace a takarda: ba a ambaci ma'auni ba, ba a bayyana sifili ba. Naki ya bar takarda ya koma kan mutum. Shekara huɗu kina ajiye da kalmar nan, ranar da dama ta samu kika mayar masa. Cewa kin ɗauka Manaja kaɗai zai gani bai wanke ki ba, domin a wurin wanda ke riƙe da aikinsa kika zubar masa da ƙima. Ina jin wannan ne ke hana ki sauka matakalar, ba makin ba.

Akwai kuma kwana taran nan. Kin ɗauka hanya biyu ce kawai, ki raɗa masa ko ki yi shiru. Akwai ta uku. Ranar da kika gane hannunsa, da kin je wurin Manaja kin ce ɗaya daga cikin marubutan kawuna ne, a ba wani ya duba nasa, da yau ba sunanki ne a saman bangon ba. Ba ki yi ba, kuma ke kaɗai kika san dalili.

Ban ce Kawu ba shi da laifi ba. Aiken babbar ma'aikaciya shayi a gaban baƙi da ɗaga takardarta a yi dariya ba tarbiyya ba ce, ƙasƙanci ne, ko da daga mai ƙauna ya fito. Ya kasa ganin cewa kin girma. Layi ukun da ya rubuta ma akwai raini a cikinsu, na mutumin da bai ɗauki sabon aikin da muhimmanci ba. Kina da haƙƙin ki gaya masa duka biyun wata rana. Amma ba a zama ɗaya da ban haƙuri ba, in ba haka ba zai ji kamar kin zo ƙarasa shari'a ne.

Manajanku kuwa ya karya alkawari, ya yi amfani da ke, kuma wanda ya yi wa Kawu haka zai yi miki ranar da kika fara ce masa a'a. Ki riƙe wannan a ranki ko kin karɓi kujerar ko ba ki karɓa ba. Sai dai a yanzu yana buƙatarki fiye da yadda kike buƙatarsa, domin sati shida ne a gabansa da kayan aikin da ba ya aiki.

Ga abin da nake ganin ya dace. Rahotonki bai cika ba. Ya nuna takardar Kawu ba ta da bayani, bai nuna inda bayanin yake ba, shi ya sa aka karanta shi kamar hukunci a kan saninsa. Ki rubuta ƙarin shafi ɗaya. Ki sa sakamakonki na goma sha ɗaya cikin ashirin da sunanki a kai, ki bayyana cewa abin da ya hana ki wuce nan shi ne ilimin da babu mai shi a kamfanin sai mutum ɗaya. Ki janye jimlar nan a rubuce, ki bar makin. Sannan ki nemi a haska shafin a taron ma'aikata, a gaban mutanen da suka ji na farko. In Manaja ya ƙi, ki tashi ki faɗa da bakinki. Zai yi miki ɗaci, amma a bainar jama'a aka yi ɓarnar, gyaran ɗaki ba zai ishe ta ba.

Kada ki sa hannu a takardar ƙarin girma tukuna, kuma kada ki ajiye aiki cikin fushi. Ki gaya wa Manaja a rubuce cewa takardun ba za su gyaru ba sai da Kawu, da sunansa a kai, da teburinsa a cikin mutane. Ki nemi a sa ƙa'ida cewa nan gaba marubuci zai ga sharhin da aka yi masa kafin kowa, mai awo kuma zai janye in ya gane na gida ne. Amsar da zai ba ki ita za ta nuna miki ko kujerar ta cancanci zama. Mijinki ya yi gaskiya cewa ba sata kika yi ba, amma mota ba ta gyara irin wannan.

Kafin duk wannan, ki je wurin Kawu. A gida, ba a ofis ba, ke kaɗai, ba tare da 'yan rakiya ba. Ki ba shi haƙuri a kan abu biyu, ki kira su da sunansu: jimlar da kika rubuta, da zaman da kika yi a gidansa kika ci abincinsa da rahoton a cikinki. Kada ki ce "in na ɓata maka", kin san kin ɓata. Kada ki kawo zancen Manaja don ki raba laifin. Bayan nan ki gaya masa kin gwada kin kasa, ki roƙe shi ya koya miki. In ya yarda, kada ki ce ya rubuta, kin ga rubutu ba fagensa ba ne. Ki zauna kusa da shi, ki yi wa Ɗan Aike tambaya a gabansa, ki bar shi ya ga amsar banzar da zai kawo. Irinsu ba sa iya ganin lamba a karkace su yi shiru. Yana faɗa kina rubutawa, kina tambayar me ya sa, har sai abin da ya saba ya fito fili. Mahaifiyarki kuma ki bar ta tukuna, kada ki yi jayayya da ita. Ranar da ta ji ɗan'uwanta ya buɗe miki ƙofa, fushinta zai sauka da kansa.

Ba zan yaudare ki ba, 'yata. Yana iya ƙin karɓarki a zuwan farko. Yana iya taimaka miki a aikin saboda kishin alƙalumansa, ya kuma ci gaba da riƙe ki nesa na tsawon lokaci. Wani abu ya tsage tsakaninku, kuma ban san ko zai koma daidai yadda yake ba. In ya juya miki baya, ki gaishe shi ki tafi, ki dawo wani satin. Shi ya yi shekaru yana zuwa inda kike, yanzu layinki ne.

Kin damu da cewa abin da ke kansa ba shi da kwafi a ko'ina. Shi ma Kawun ba shi da kwafi, kuma ya manyanta. Kamfani na da sati shida, ke ba ki san nawa kike da shi ba. Kada ki jira ƙarshen wata, ki je gobe.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ba ki ƙarfin halin durƙusawa, ya raya miki jaririyarki.

Gwaggo